Ungozomar Tafoki

"Buɗe ƙofar nan, Mas'ud!"

Lauratu na tsaye a tsakar gidan maƙwabtanta. Daga ɗakin da aka garƙame, Inna Suwaibatu na ta kiran mijinta da ya daɗe da rasuwa.

"In na buɗe fita za ta yi," in ji Mas'ud, ɗan tsohuwar, kai a sunkuye. "Jiya gidan Hussaina mai jego ta faɗa, ta sunkuci jinjiri. Kin san mi gari ke faɗi."

Lauratu ta sani. Wai mayya. Matar da ta yanke cibiyar rabin Tafoki!

"Wanka ta je yi mashi!" in ji Lauratu. "Ungozoma ce! Shekara arba'in aikinta ke nan!"

Sai da ta yi da gaske ya yarda suka ɗora Inna a mashin zuwa asibitin Ƙanƙara. Likita ya duba dasashinta da ya kumbura yana fitar da mugunya, ya taɓa gwiwoyinta.

"Tun yaushe?"

"An fi shekara goma," in ji Mas'ud. "Jiƙo take sha."

"Kumburin da ya daɗe a jiki yana iya taɓa ƙwaƙwalwa, ya ƙara haɗarin cutar mantuwa. Ban ce shi kaɗai ba ne. Amma ciwo ne, ba maita ba."

Lauratu ta cije leɓe. Ita ce ke daka wa Inna goro tun da tauna ta gagare ta, kuma ko sau ɗaya ba ta ce mata a je asibiti ba.

Ta maimaita maganar likita a bakin rijiya, ta maimaita a gidan suna. Aka taɓe baki.

Bayan sati uku, da hantsin Talata, Inna ta cika. Mata suka cika gida, kukan Hussaina ya fi na kowa.

"Mayyar kuke wa kuka?" Lauratu ta tambaya daga bakin ƙofa.

"Haba Lauratu," in ji wata dattijuwa, "gawa na kwance."

"Da tana numfashi, wa ya leƙo da ko kofin kunu?"



Lauratu ta shige ɗakin. Zanen da aka lulluɓe Inna da shi bai kai ba, ƙafafunta masu kaushi na waje. Lauratu ta cire gyalenta, ta durƙusa, ta rufe su.