Ƙofa Ta Arba'in da Uku

Harira ta shiga ɗakin Malam Datti da wayarta a hannu, matarsa Delu na ta yi mata sannu da zuwa, a zatonta dubiya ce ta kawo ta. Ina dubiya! Shekara shida Harira ta yi tana dakon wannan rana, tun da mutumin nan ya zo daga ofis da gwangwanin jan fenti ya shafa wa ƙofar gidan ubanta alamar rusau a Unguwar Shanu. Tsohuwarta ba ta yi wata uku ba bayan an baje gidan ta rasu. Sai ga shi hayar da suka samu a Unguwar Kanawa katanga ɗaya ce tsakaninsu da shi. Kullum tana gaishe shi, ta ciki na ciki.

Jiya ta samu abin da take nema. Ƙawarta ce ta ja ta wani tsohon sito a hanyar Mando, wai wata yarinya Lubna ta baje aikinta. Harira ta tafi tana tsaki, tana cewa ita da girmanta za a kai kallon zane. Ashe ba zane ba ne. Ƙofofi ne, sun fi hamsin, da yarinyar ta bi 'yan jari-bola ta tattaro, ta rataye su da sarƙa daga rufi. Babu bango, babu ɗaki, iska kawai ke juya su a hankali, kowace da jan fenti da lambarta. Harira ta yi tsaye baki buɗe. Ba ta taɓa sanin mutum zai iya faɗin magana mai nauyi haka bai ce uffan ba, kuma abin ya burge ta ƙwarai. Can ta hango tasu. Ta yi kukanta, ta ɗauki hoto, ta rantse sai Datti ya ga aikin hannunsa kafin ya bar duniya.

Ta miƙa masa wayar. Delu ta ce ai ciwon sukarin ya tafi da idanun tun makon jiya. Haushi ya turnuƙe Harira, kamar ta buga wayar da ƙasa. To, tunda ido ya ƙi, ai kunne na nan. Ta zauna bakin gado ta zayyana masa komai, ba ta rage ko lamba ɗaya ba.

"Wace kala ce taku?" ya tambaya.

"Koriya."

"Arba'in da uku," in ji shi. "Na tuna. Rana ta yi zafi ranar, tsohuwarki ta ba ni ruwan randa na sha kafin in shafa."

Wannan ne Harira ba ta sani ba. Da ma a ce ya manta, da da sauƙi.

"Harira, ki yafe mini. Aiko ni aka yi."

"Ruwan ma aiko ka aka yi ka sha?"

Delu ta shiga haɗa ta da Allah. Harira ta gyara mayafinta ta fita.

Washegari kafin azahar Malam Datti ya cika. Harira ta yi duk abin da maƙwabciya ke yi: ta ba da tabarminta, ta ɗora tukunyar masu makoki, ta yi gaisuwa. Ana cikin yi masa wanka Delu ta kamo hannunta, idanu jajur, ta ce ai jiya marigayin ya roƙe ta gafara, kalma ɗaya ce tak ta rage, ta ce ta yafe. Harira ta ce ta bar tukunya a wuta.

Tana isa ƙofar gidansu ruwan wankan ya gangaro ta kwatar da ta haɗa gidajen biyu, da ɗan kumfan sabulu a kai. Ta tattare bakin zanenta, ta tsaya gefe har ya wuce.