Faswod ɗin Adda Aisatu

"Kulle shi duka," in ji Oga Timothy, yana ɓare gyaɗa a kan teburin Dorathy kamar a tsakar gidansu yake. "Daga yau ba wanda zai taɓa netwok na akwatin nan sai mu."

Dorathy ba ta ɗago ba. Akwatin yana gabanta a buɗe, bai fi kwanon sha girma ba, da sim biyu a cikinsa, ɗaya na Najeriya, ɗaya na Kamaru. Ita ta haɗa shi bara saboda wani ƙaramin asibitin haihuwa a Belel, inda netwok ɗin gida yake ɗaukewa da zarar hadari ya haɗu, na maƙwabta kuwa ya tsaya daram. Ita ce kuma ta rubuta ɗan ƙarin da ke cikin kanel, wato zuciyar manhajar, mai yanke wa kowa abin da zai iya taɓawa. A nan ta yi ganganci. Ta ɗaura juya sim a kan babban izini, wanda yake buɗe kowace ƙofa, sannan ta damƙa babban faswod ga ungozomar asibitin, don in ba da shi ba babu yadda za ta juya.

Ungozomar, Adda Aisatu, tana zaune a benci kusa da ƙofa, ta sunkuyar da kai. Da kanta ta rungumo akwatin tun safe, kuma motar da za ta mayar da ita za ta tashi bayan la'asar. Shekara ashirin tana karɓar haihuwa hannunta bai taɓa rawa ba, amma kalma ɗaya ta gagare ta a duniya, ita ce a'a. Bobboi mai shagon cajin waya, wanda yake kwaso mata masu naƙuda a motarsa ko ana ruwa, ya roƙe ta faswod. Da wane baki za ta hana shi? Shi kuma ba da mugun nufi ba ya buɗe akwatin, har wayoyin layin shaguna kaf suka hau. Ranar Talata hoton da ta aika wa likita a Mubi sai da ya yi awa guda a hanya. Allah ya kiyaye, uwa da jariri lafiya. Abin da ya fi tayar wa Dorathy hankali shi ne, mai wannan faswod in ya ga dama yana iya karanta saƙonnin marasa lafiya.

"Oga, in na kulle duka, hadari ya taso, wa zai juya mata sim?"

"Ta kira mu."

"Da wane netwok?"

Oga Timothy ya tsaya da tauna.

"Ko ta same mu," Dorathy ta ci gaba, "kogi in ya cika, mashin ba ya wucewa. Kafin in kai Belel an yi suna."

"To wannan matar ta ba kowa faswod! Gobe ma za ta ba."

"Gaskiya ne," Adda Aisatu ta faɗa a hankali, ba ta ɗago ba. "Zan ba."

Tausayi ya kama Dorathy, dariya kuma ta nemi ƙwace mata. Matar ko alkawarin ƙarya ba ta iya ba. Laifin nata ne ita Dorathy, da ta ɗora wa mai kunya kayan da ba na kanta ba.

Ta jawo allon rubutu. Wannan ne aikin da take so a ranta, shiru, layi bayan layi, ga ƙarar Keke Napep daga bakin kasuwa, ga ƙamshin masarar da ake gasawa a ƙasan bene. Ta warware abin da ta ɗaure wuri guda. Duba ko wane sim ne yake aiki, ta sakar wa kowa, don gani ba ya ɓata komai. Ɗora sabuwar waya da leƙa saƙonni ta bar su a ƙarƙashin babban izini, inda suka dace tun farko. Juya sim ne ya ɗan tsayar da ita. Akwai izinin mai kula da netwok, da ta so da sai ta yi amfani da shi kawai, amma ta san shi ma yana da dogon hannu, zai iya sauke katangar da ke tsare akwatin. Sai ta yanka wa juya sim ƙofarsa shi kaɗai, ƙarama, wadda ba ta kaiwa ko'ina.

Kafin azahar ta wuce ta gama. Ta tura wa Oga Timothy kwamfutar.

"Ga ƙaramin faswod. Ka zama Bobboi."

Ya goge hannu a wando, ya zauna da zumuɗi. Ya juya sim zuwa Kamaru, ya tafi. Ya dawo Najeriya, ya dawo. Ya nemi ɗora wayarsa, akwatin ya ce babu izini. Ya bi ta nan, ya bi ta can, har gumi ya tsattsafo masa, amsar dai ita ce.

"Taurin kai kamar mai shi," ya ce, ya tura mata sauran gyaɗar. A wurin Oga Timothy wannan yabo ne babba.

Dorathy ta rubuta ƙaramin faswod a takarda ta kai benci. Adda Aisatu ta karɓa da hannu biyu, tana kallonsa kamar garwashi.

"Ƙanwata, in Bobboi ya sake roƙo fa?"

"Ki ba shi, Adda. Juya sim kaɗai zai iya. Ranar da hannunki biyu suna cikin aiki, ki ƙwala masa kira ya juya miki."

Sai yanzu Adda Aisatu ta ɗago. Ta ninke takardar ta ƙulle a bakin mayafi.

"Saura babban," in ji Dorathy, ta koma kujera don ta canza shi. Yatsunta na sauka kan allon sai ta ji motsi a bayanta. Ta waiwaya. Adda Aisatu ta juya fuskarta ga bango, ta ja mayafi ta rufe ido ruf.

"In kin gama ki gaya mini," ta ce daga cikin mayafin, muryarta cike da dariya. "Kar idona ya gani. Bobboi yana jirana a tasha."