Turmin Ƙarfen Nababa

Nababa mai walda ya yi imani cewa duk abin da itace zai yi, ƙarfe zai yi wanda ya fi shi. A gidansa kujera ƙarfe ce, gado ƙarfe, har maratayin hularsa guntun rodi ne. Abu ɗaya ke damun sa: ya daɗe yana liƙe salansar motoci a bakin tashar Lafiya, amma babu abin da za a nuna a garin a ce shi ya ƙirƙiro.

Ana nan sai turmin Hembadoon ya tsage. Ita ce mai sakwara a rumfar da ke kallon tasa, kuma wurinta yake cin na rana.

"Mama Ngunan, kada ki sayi wani," in ji shi, yana kiran ta da sunan 'yarta. "Zan yi miki wanda jikokinki za su gada."

Ya samo tsohuwar tukunyar gas, ya yanke kanta, ya yi mata gindi, ya goge cikin har yana ganin haƙoransa. Kafin ya gama ya riga ya gayyato direbobin hanyar Obi su zo su ga turmin da ba ya tsagewa. Suka kuwa zo, don direba ba ya ƙin kallo.

Hembadoon ta zuba dafaffiyar doya, ta ɗaga taɓarya, ta sauke. Ƙarar da ta tashi sai da awakin tasha suka watse. Doyar kuwa ta sulɓe, ta yi tsalle, ta dira a cinyar wani direba. Ta sake gwadawa, taɓarya ta dawo mata har kafaɗa.

"Oga Nababa," ta ce tana murza wurin, "wannan abu naka yana rama duka. Itace yana riƙe doya, yana shanye bugu. Wannan, na buga shi, shi ma ya buga ni."

Direbobi suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Nababa ya ji kunya ƙwarai. Ya mirgina turmin bayan shago, ya koma cin rogo shi kaɗai da rana.

Bayan kwana biyu wani dattijo ya zo yana tura keke. Malam Sebastian ne, hedimastan firamaren da ke bayan kasuwa.

"Me ya yi ƙara a nan ranar Talata? Ana tsakiyar lissafi yarana suka ji, suka ɗauka ƙararrawar tara ce, suka fita gaba ɗaya. Wilin motar da muke bugawa a matsayin ƙararrawa, ƙararsa ko aji uku ba ta kaiwa."

Nababa ya nuna masa. Da yamma suka rataye turmin a bishiyar mangwaron makaranta, baki a ƙasa.

Washegari da safe yana shan koko a gidansa, can hanyar Shabu, sai ya ji ƙarar, tas. Ya ajiye ludayi, daɗi ya cika shi.

Da rana ya koma rumfar Hembadoon, inda sabon turmin ƙirya ke ta aiki. Aka buga ƙararrawar tashi a makaranta, wani baƙo ya ɗaga kai ya tambaya wane ne ya yi wannan ƙararrawa.

"Ni ne," in ji Nababa. "Da ma ita na nufa tun farko."

Hembadoon ta ƙara masa malmala ɗaya. "Ci, mai ƙararrawa. Wannan itace ne ya daka."