Birki Na Biyu

Su biyu ne a gidan, uwa da 'yarta. Uwar mai koyar da tuƙi ce, kowa Malama yake ce mata. 'Yar kuwa, da yake siririya ce ga yawan tsalle-tsalle, sai aka liƙa mata Tsigi, sunan ya bi ta har makaranta. Uban ya rasu tun tana goye. Abin da ya bari wata farar ƙaramar mota ce, Malama ta kai wa makanike ya ƙara mata birki na biyu a gaban kujerar mai zaman banza, don in ɗalibi ya rikice ta taka ta tsayar. Da motar suke ci, da ita suke sha.

Ba su rasa abinci ba, ba su rasa sutura ba. Wurin zuwa suka rasa. Motar nan ta cinye tayoyi ba adadi, amma duk a fili ɗaya na bayan tasha, tana zagaya tsofaffin gwangwanaye. Tsigi ta girma a kujerar baya tana aikin makaranta, tana jin murya ɗaya kullum: "A hankali. Ba komai, sake." In an dawo hutu 'yan ajinsu suna labarin garuruwa, ita sai ta shiga fiƙe fensir.

Wata Asabar da safe Malama ta zuba kaya a but, ta ce za su je su ga babban tafkin da ke bayan duwatsu, su kwana, su dawo Lahadi.

"Mama, kin ma san hanya kuwa? Kar mu je ki yi ta zagaya tafkin kina neman gwangwani."

"Ja'ira. Shigo gaba, yau ke ce babbar baƙuwa. Sharaɗi ɗaya: ƙafafunki baya. Wancan birkin ba naki ba ne."

Tsigi ta ɗaura bel, ta naɗe ƙafafu. Suka bar gari, suka wuce gonaki da wata doguwar gada. Suna cin burodi da ayaba, Tsigi tana karanta duk allon da ta gani da ƙarfi, tana kwaikwayon wani tsohon ɗalibi mai kiran kulochi da "maƙiyina". Malama ta yi dariya har da hawaye.

A hawan duwatsu ne wata jar a-kori-kura ta manne musu a baya. Direban ya ga allon koyon tuƙi a saman motar, ya danna oda bai ɗaga hannu ba. Hanyar ƙunci gare ta, kwana bayan kwana, ba a ganin mai tahowa. Malama ba ta ƙara gudu ba. Ta fito da hannu ta taga ta yi masa alamar da take yi wa ɗalibai, tafin hannu yana kallon ƙasa, tana kaɗa shi sama da ƙasa: dakata, a hankali.

Shi zagi ya ɗauka. Ya fizgo motarsa zai wuce su a tsakiyar kwana, ya leƙo yana ihu: "Koma kicin, 'yar koyo!" Sai ga babbar mota ta ɓullo a gabansa. Ya kauce, gefen a-kori-kurar ya gurji dutse da wata ƙara mai tsinka hanji, madubinsa ya yi tsalle ya faɗi a titi. Malama ta wuce ta tsakaninsu da ƙyar, tana salati.

"Mama, ya taso. Yana biyo mu."

"Na gan shi. Riƙe ƙofa."

Dukan farko a bamba ya zo. Kan Tsigi ya yi gaba ya dawo, ayaba ta watse a ƙasa. Na biyu ya fi ƙarfi, gilashin baya ya tsage. Tunda Tsigi take ba ta taɓa ganin uwarta ta danna totur haka ba. Gangara ce yanzu, can ƙasa ana hango rufin gidajen wani ƙaramin gari, Malama tana shan kwana tayoyi suna kuka, kuma tazara ta fara buɗewa. Sai wata kwana mai kaifi ta taso musu, bayanta ba komai sai sarari da rami. Tsigi ta runtse ido. Ƙafafunta biyu suka miƙe da kansu, suka danne abin da ke gabansu iya ƙarfi.

Motar ta ƙame, ta juya gefe. A-kori-kurar ta shigo musu ta baya, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, aka tura su cikin ciyawar gefen hanya. Injin ya mutu.

Mutumin ya sauko. Ƙato ne, goshinsa ya fashe jini yana bin hancinsa, a hannunsa sifanar taya. Ya sauke ta a gilashin gaba. Ya zagayo ya buga na gefen Malama, ɓarɓashi ya zubo musu a cinya kamar tsakuwa.

"Fito! Ni za ki yi wa hannu? Ni sa'anki ne?"

"Bawan Allah, yi haƙuri. Akwai yarinya a motar."

Ya zura hannu ya buɗe ƙofar, ya finciko Malama da wuyan riga ya yar a ƙasa. Ya kwaɗa mata mari, ya sa ƙafa ya hamɓare ta a haƙarƙari. Tsigi tana ihu, bel ya riƙe ta, yatsunta sun kasa gano maɓallin. Ya ɗaga sifana. Malama ta kare kanta da hannun dama, ƙarfen ya sauka a kai, Tsigi ta ji ƙarar kamar an karya busasshen ice. Uwarta ba ta yi kuka ba, wani nishi kawai ta yi ta duƙunƙune.

Ba mota ko ɗaya a hanyar. Ihun Tsigi ne ya juyo da shi.

"Ke kuma rufe min baki, 'yar banza!"

Ya zagayo ya fizge ƙofarta, ya damƙi gashinta yana ja, bel yana shaƙe mata wuya. Warin gumi da fetur ya cika mata hanci. Ta gartsa masa cizo a hannu, ya maƙe ta a baki har ta ji ɗanɗanon jini.

Ba ta ga lokacin da uwarta ta tashi ba. But ɗin ya riga ya wangale saboda karon, kayansu a warwatse, a cikinsu har da jar tukunyar kashe gobara. Da hannun hagu Malama ta ɗauko ta. Ta sauke masa a ƙeya. Ya saki gashin ya juyo, ta sake sauke masa a fuska. Ya durƙusa, ta ƙara masa a kafaɗa, ta taka hannun da ke laluben sifana har ya yi ƙara. Wata murya ce ke fita daga bakinta wadda Tsigi ba ta sani ba.

"'Yata? 'Yata za ka taɓa?"

Ta ɗaga tukunyar sama da kansa. Yana kwance yana kare fuska, jini yana bin yatsunsa, yana cewa, "Don Allah, baiwar Allah, don Allah." Hannunta ya tsaya a sama. Ta dubi Tsigi. Sai ta yi jifa da tukunyar cikin rami, ta shuri sifanar ta bi bayanta, ta je ta zare makullin a-kori-kurar ta jefa a aljihu.

Ta shiga mota, hannun dama a kan cinya ya karkace ta inda bai kamata ba. Da hagu ta murɗa makulli. Injin ya yi tari, ya yi tari, ya kama. Da ta buɗe baki, tsohuwar muryar ce ta dawo.

"Tsigi, share idonki. Ni zan taka kulochi, ke za ki sa giya. Ɗora hannu. Ja wajena, tura gaba."

Giyar ta yi gurnani ta ƙi shiga.

"Ba komai. Sake."

Ta shiga. Haka suka gangara, bamba yana jan ƙasa, iska tana shigowa ta fasassun tagogi, uwar tana cewa "biyu", 'yar tana ja. Tsigi ta cusa ƙafafunta ƙarƙashin kujera har suka sage. Magana ɗaya ce take ta juyawa a ranta: da ba ta taka ba, da sun tsira.

A ƙaramin asibitin garin, nas ta ɗinke wa Tsigi leɓe, aka ɗaure hannun Malama a jikin katako kafin likita ya zo. Ɗakin yana warin magani, fanka tana juyi da ƙyar. Wani ɗan sanda mai furfura ya shigo, ya karɓi makullin a-kori-kurar, ya ce an tura mota a ɗauko mutumin. Ya ja kujera ya saurari labarin tun daga farko, yana girgiza kai.

"Abu ɗaya ne ban gane ba, Malama. Kin ce kin fara ba shi rata, ga gari a gabanki. Me ya tsayar da ke?"

Tsigi ta dubi ƙafafunta. Ta san yadda makanike ya haɗa birkin nan, sanda ɗaya ce ta riƙe su, in aka taka ɗaya ɗayan ma sai ya nutse. Ta buɗe kumburarren bakinta.

Hannun hagun uwarta ya sauka a gwiwarta, ya matse.

"Tsoro ne, ranka ya daɗe," in ji Malama. "Na ga kwanar, na taka birki."

"Mai koyar da tuƙi guda?"

"Mai koyar da tuƙi ma mutum ce."

Ya yi 'yar dariya, ya miƙe ya fita. Malama ta jingina kai da bango ta lumshe ido, hannunta bai bar gwiwar ba.

"Tafkin nan sai wani satin," ta ce. "Ki ce wa nas ta ba ki ruwa."

Tsigi ba ta motsa ba. Ta gane cewa uwarta ta ji birkin ya nutse a ƙarƙashin ƙafarta, ta san wanda ya taka, kuma ba za ta taɓa faɗa wa kowa ba.