Riƙon da Valdemiro Ya Gane

Edvaldo ya riga ya yanke hukunci: in Baba ya sake ɗaga wa wani hannu, gidan tsofaffi za a kai shi, inda ake ɗaure masu rigima a jikin gado. Ƙanwarsa Jucilene ta ce sai dai bayan ranta.

"To ke za ki riƙe shi? Mutumin da ya kayar da rabin mazan birnin Belém?"

Gaskiya ce kuwa. Mahaifinsu Valdemiro ya tsufa yana koyar da kokawar jiyujitsu, ita ma a hannunsa ta koya. Yanzu mantuwa ta cinye masa kai, ko 'ya'yansa ba ya ganewa, amma ƙarfin yana nan daram.

Ranar Lahadi ana cin soyayyen kifi da garin rogo a tsakar gida, sai tsohon ya ƙura wa Edvaldo ido.

"Wane ɓarawo ne wannan a gidana?"

Kafin a ankara ya suri kwalba ya yi kansa. Edvaldo, sarkin cika baki, ya faɗa bayan kujera yana ihu.

Jucilene ta shiga ta gefen uban, ta cafke wuyan hannunsa, ta zura ɗayan hannunta ta bayan damtsensa ta kulle, ta lanƙwasa hannun zuwa gadon bayansa. Kwalba ta faɗi. A hankali ta kai shi ƙasa, ta tare masa kai da cinyarta. Ƙashin tsoho ne, ƙiris za ta ƙara kafaɗar ta goce. Ba ta ƙara ba, ba ta kuma saki ba. Tausayi kamar ya kashe ta.

"Baba, ni ce. Ja numfashi."

Ya yi ta fizge-fizge. Can jikinsa ya yi laushi, tafin hannunsa ya bubbuga ƙafarta, alamar sallamawa da ya koya wa kowane ɗalibi. Nan take ta sake shi, don haka dokar take.

Ya tashi zaune yana murza kafaɗa, ya harare ta.

"Babban yatsan nan, Juci. Har yau naɗe shi kike yi wajen riƙo? Sau nawa zan faɗa miki?"

Juci! Rabon da ya kira sunanta tun bara. Murna ta kama ta, dariya da kuka suka zo mata tare.

"Na ji, Malam. Gobe ka gyara min."

Ta share hawaye, ta waiga.

"Yaya, fito daga bayan kujerar nan. Babu inda Baba zai je."