Abin da Ke Cin Tayar Hagu

Taya ta uku ke nan a damina ɗaya, kuma duk wuri guda: ta gaba, ta hagu, gefen waje ya suɗe kamar an goga a dutse, gefen ciki kuwa zanensa raɗau. Tumpale ta tsuguna a garejin Gwakisa tana shafa ta. Mijinta Ambokile na tsaye yana wasa da makulli. Tayar bas ɗinsa ce, wanda da shi yake kai matan garin Tukuyu da ayabarsu kasuwar Mbeya tun 'ya'yansu na goye.

"Saitin ƙafa ne, Mama," in ji Gwakisa bakanike. "Kowa ya sani, in taya ta ci gefe guda, saiti ne."

"Wannan Kowa naka, ina son in gan shi wata rana. Ba kai ka saita ta wancan karon ba?"

"Ni ne. To, ko nauyin ayaba ne."

"Ayabar ce ta zaɓi hagu? Tayar dama surukarta ce, take jin kunyarta?"

Gwakisa ya tuntsire da dariya. Ambokile ya ce, "Sake saita ta kawai, ɗana." Wannan saurin ne ya tsaya wa Tumpale a rai. Mutumin da zai wuni yana musu a kan noti ɗaya, yau ya yarda ba gardama?

Washegari ta rufe shagonta ta shiga kujerar gaba ta bas ɗin.

"Maman Lusekelo, yau kuma lafiya?" in ji Ambokile.

"Zan je in ga wadda ke cinye maka taya."

Matan baya suka ɗauki shewa.

Ba su yi nisa ba ta gani. Da tirela ta ɓullo daga gaba, sai ya karkata hagu har tayar ta faɗa bakin kwalta, inda ya gutsure yana da kaifi kamar fasasshiyar tukunya. Ƙurrr, sannan ta hau. Alhali hanya ga ta nan, sarari har da saura. Kuma kafin ya kauce sai ya juya kansa gaba ɗaya zuwa dama, kamar kaza ta hango shaho. Nan ta tuna shayin da yake zubawa a gefen kofi, da maƙwabcin da ya ce Ambokile ya daina amsa gaisuwa. Ita da kanta ta ce tsufa ne, don haka kowa ke cewa.

A garin Kiwira ta ce ya tsaya su duba tayar. Suka tsuguna inda mata ba za su ji ba.

"Rufe idonka na hagu. Me kake gani?"

Ya ɗaga hannu ya rufe idon. "Hayaƙi."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ruwa ya sauka. Ban iya gane nisan manyan motocin nan. Na ce in na manne wa gefe, ba zan taɓa kowa ba."

"A gefen ne yara ke tafiya makaranta, Baban Lusekelo."

Ya sunkuyar da kai. "In na sauka daga kujerar nan, ni wane ne a Tukuyu? Tsoho mai korar kaji?"

Ta san akwai yanar idon da likita ke cirewa, akwai kuma wadda ba ta ciruwa, ba ta san wacce ce tasa ba, ba ta kuma yi masa alkawarin ƙarya ba.

"Direba!" wata ta leƙo ta taga. "So kake ayabarmu ta nuna a nan?"

Tumpale ta miƙe tana kakkaɓe zani. "Ku yi haƙuri, 'yan uwa, ƙafarsa ce ta riƙe. Zan kira Gwakisa ya ƙarasa da mu."

Ambokile ya dubi matarsa, ya tashi, ya yi ɗingishi kaɗan don mata su gani, ya buɗe ƙofar hagu ya zauna a kujerar da bai taɓa zama ba.