Hannun Hagu Biyu

"To ka sayar! Ka haɗa har da tabarmar Baba ka sayar!"

Tela ta katse kiran, ta wurga wayar kan tarin ƙyallaye. Yayanta ne, wai ya samo mai sayen gidan mahaifinsu, sa hannunta kawai ake jira. Ji mutum don Allah! Shekara shida tana jinyar tsohon, shi kuwa ko ƙofar asibitin bai sani ba.

Ta fizgi almakashi ta koma kan tebur. Abin da ke shimfiɗe ba yadin kasuwa ba ne. Zanen marigayiya mahaifiyar wata malamar makaranta ne, malamar ta kawo shi da hawayenta a mayar mata riga. Babu irinsa ko'ina, ragowar kuma hannun riga ɗaya tak za ta fitar. Tela ta ɗora hannun hagu da ta riga ta yanka a kai don ta bi samfurinsa, ta danna almakashi, bakinta bai daina mita ba.

"Umma, tsaya," in ji 'yarta, ma'aikaciyar jinya, da ta biyo don auna mata hawan jini.

"Ke, kar ki fara min numfashe-numfashen nan naki!"

"Biyar kawai. Ki ji iska na shiga, ki ji tana fita. Kawu ba ya shagon nan. Me ke gabanki?"

"Me kuwa? Yadi mana!"

Ta ja tsaki, ta ja numfashin don a rabu da ita. Na farko duk fuskar Yaya ce. Na biyu ma shi ne, har da murmushin rainin wayon nan nasa. A na uku ta ji ƙarar fanka, da sanyin ƙarfe a yatsunta, da ƙamshin kafur na tashi daga zanen. Sai idonta ya ga abin da yake kallo tun ɗazu.

Ba ta kifa samfurin ba. Hannun hagu na biyu take yankawa, maimakon na dama.

"Innalillahi," ta ce a hankali.

Ta zare almakashin, ta kifa hannun fuska da fuska, ta auna sau biyu. Yadin ya isa, da ƙyar. Har yanzu zuciyarta na tafasa, amma ta yanka a natse, tana jin kukan kowane zare.

Tsagar da ta riga ta yi, tsawon rabin yatsa, ta faɗa cikin kalmasa, inda za a naɗe bakin yadin a ɗinke. Malamar ba za ta taɓa ganinta ba.